Kwalin Bayan Rigar Kwamanda

Da ankwa suka haɗa ƙafarsa da ƙarfen gadon asibiti, yaron da ko kansa ba ya iya ɗagawa daga kan matashi.

Tela, uwar yaron, ta daɗe tana kallon ƙafar kafin ta juya ga ɗan sandan da ke zaune a bakin ƙofa yana latse-latsen waya.

"Bawan Allah, ina kake tsoron ya gudu?"

"Umarni ne, Mama," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba.

Shekarar ɗanta goma sha biyu. Kwamanda ake ce masa a gida, don tun yana ƙanƙane ba shi da wasan da ya wuce na soja, hatta kajin gidan sai ya jera su fareti. Tsawo ya ɗebo na ubansa, amma fuskar ta yara ce. Jiya da la'asar ya dawo daga makaranta, ko rigar makarantar bai cire ba ya sake fita, riƙe da bindigarsa ta roba. A mararrabar titi, inda aka daɗe ana fama da mai ƙwacen waya, wani kofur ya harbe shi. Da safe rediyo ta ce wai wani matashi ɗan kimanin shekara goma sha takwas ne ya nuna wa jami'an tsaro bindiga.

Wajen hantsi Sufeton da ke riƙe da maganar ya shigo, mutum mai tumbi da sanyin murya, ya ɗaga mata wata leda a gaban ido.

"Kin san wannan?"

"Ba tasa ba ce," ta ce da sauri. "Tasa koriya ce shar, da jar hular roba a bakinta. Ni na saya masa."

"Duba dai da kyau."

Abin da ke cikin ledar baƙi ne wuluk, yana sheƙi, babu hula, babu alamar kore. Ko ita da ta gan shi a hannun mutum sai ta kwanta a ƙasa. Har za ta sake cewa a'a, sai idonta ya kai kan mariƙin. Ga ɗan tabon nan, wurin da ya taɓa tsagewa ta liƙe masa da allura mai zafi.

"Wa ya mayar da ita haka?"

Sufeto ya yi ɗan murmushi. "Tambayar da kwamitin bincike zai yi miki ke nan. Su za su ce ko kofur ɗina ya yi daidai ko bai yi ba. Ki je ki yi shawara da mutanen gidanku."

Da azahar ta koma gida don ɗauko zannuwa. Gidan na surukarta ne, wadda kowa yake kira Kaka. Tela da mijinta Direba suna ɗakunan baya, ƙanin mijin kuma, Auta, mai fentin motoci a gareji, yana ɗakin da ke kusa da ƙofa. Ta same su su uku a falo, sun haɗa kai, rediyo a kashe. Tana yin sallama maganar ta ɗauke kamar an rufe famfo.

"Ya jikin nasa?" in ji Kaka. Ba ta jira amsa ba ta ɗora. "Yaran yanzu sai addu'a. Ki saya wa yaro abin wasa, ya je ya shafa masa baƙi don ya burge abokai. Ga irinta nan."

Tela ta sunkuyar da kai kamar yadda ta saba a gaban surukarta, amma kunnenta ya riƙe kalmar. Baƙi. Rediyo ba ta faɗi launi ba. Direba da asuba ya iso daga tafiya, bai haɗu da Sufeto ba tukuna. Ita kuwa ba ta buɗe baki ba. To, wa ya gaya wa Kaka?

Ta saci kallon Auta. Mutumin da ba ya ganinta bai tsokane ta ba: "Matar Yaya, yaushe za ki sallami tsohon nan ki dawo wajen sabon jini?" Ita kuma ta ce, "Sai ran da ka yi wanka fentin ya fita." Yau ga shi a takure a gefen kujera, ido a ƙasa. Hannuwansa ta kalla. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ganin faratansa babu fenti ba. Yau an dirje su fes, har fatar ta yi ja.

Tana ninke zannuwa a ɗaki wani abu ya dawo mata. Jiya tana kan keke tana ɗinki ta ji wayar Kaka ta yi ƙara, jim kaɗan ta ji muryarta: "Kwamanda, zo in aike ka."

Da za ta fita ta durƙusa. "Kaka, jiya ina kika aike shi?"

"Ni?" Tsohuwar ta dafe ƙirji. "Au, to, maganin ciwon kai na ce ya sayo min."

"Ai kantin magani ta nan baya yake. Mararraba kuwa hanyar gareji ce."

"Yanzu ni kike tuhuma?"

"Maman Kwamanda," Direba ya daka mata tsawa, "tashi ki tafi wajen yaro."

Jikin Kwamanda bai yi sauƙi ba. Zazzaɓi ya rufe shi, aka sa masa robar iska a hanci, saboda dama yana da asma, kuma harsashin ya taɓa gefen huhu. In ya farka ba ya magana, sai ya bi ta da ido, in ya motsa ƙafa ankwar ta yi ƙara sai ya daina motsin. Matan da ke jinyar 'ya'yansu a ɗakin, waɗanda ranar farko suka ba ta tabarma, suka fara jan labule. Ta ji wata tana ce wa 'yarta, "Kar ki je wajen gadon ɗan fashin nan." Shugaban makaranta ya aiko cewa kada yaron ya koma sai an ga abin da hukuma ta ce. Iyayen da suka ba ta ɗinkin kayan makaranta suka riƙa aiko yara suna karɓe yadinsu, ɗinkakke da wanda ba a taɓa ba.

Wata safiya nas ta ce ta kama mata su juya shi a canza auduga. Tela ta tallafo ƙirjinsa. Ƙirjin lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Ramin yana baya, ƙasan kafaɗar hagu.

"Sista," ta ce a hankali, "wanda ya nuna wa mutum bindiga, ta baya ake harbinsa?"

Nas ta kalli ƙofa inda ɗan sandan yake, ta ci gaba da naɗa bandeji. "Ni dai aikina wanke ciwo. Riƙe shi da kyau."

"Ina rigar da aka kawo shi da ita?"

"Sun tafi da ita."

Ranar da Kaka ta zo dubiya, da kanta ta ce wa Tela ta je ta samo ruwan zafi. Tela ta ɗauki fulas ta fita, amma ba ta yi nisa ba, ta dawo ta tsaya a bayan labule.

"Kai jarumi ne, ko ba Kwamandana ba ne?" Kaka tana raɗa. "In masu tambaya sun zo, ka ce kai ka shafa da kanka. Da wasa. Ka ji ko, mai gidana? Ba ka son a tafi da Baffanka, ko kana so?"

Sai ƙarar ankwa.

Tela ta yaye labulen. Hawaye na bin gefen idon yaron yana shiga kunnensa. Kaka ta miƙe zaune tana gyara mayafi.

"Addu'a nake tofa masa. Ina ruwan?"

Da yamma Direba ya ja ta zuwa barandar asibiti, can ƙarshe inda ake shanya. Mutum ne mai faɗa a kan titi, amma a gaban uwarsa ko tari ba ya yi da ƙarfi. Ya tsaya yana juya makullin mota a yatsa.

"Na zauna da Sufeto. Mutumin kirki ne, ya fahimce mu."

"Me ya fahimta?"

"Za a kira ki gaban kwamiti, tunda ke kika sayi abin. Ki ce yaro ne ya canza mata launi, ƙuruciya ce. Kar ki kawo zancen gaba ko baya, wannan na likitoci ne. In kika yi haka su ma ba za su shigo mana gida da bincike ba. Kowa ya rufa wa kowa asiri."

"Shi kuma fa?"

"Yaro ne, ba a kai yaro kurkuku. In ya warke, gidan gyaran hali ne na ɗan lokaci, ya fito."

"Wane halin za a gyara masa? Baban Kwamanda, yaron da in Auta ya shigo da kayan aiki a jikinsa sai mun nemo abin shaƙarsa? Yaron da warin fenti yake kayarwa? Shi ne ya zauna ya fesa wa bindiga fenti har ta bushe?"

"Kwamiti bai san wannan ba."

"Amma kai ka sani."

Ya kawar da kai. "Ki gane mana. Babba in aka kama shi da irin wannan, shekaru ne. Kuma duk ƙwacen da aka yi a mararrabar nan a kansa za su juye. Inna ba za ta rayu ba, kin san hawan jininta."

"Wane babban?"

"Ban ce kowa ba."

"To me kuke tsoro a gani in an shigo gidan?"

"Ke dai ba a yi miki magana ki ce to!" Ya buga makullin a kan ƙarfen baranda. "Abin da ya faru ya faru. Ƙaddara ce. So kike mu yi asarar mutum biyu?"

"Ɗaya dai kuka zaɓa," ta ce. "Kuma ɗana ne."

Duk da haka ba ta da komai a hannu sai zargi, kuma ta san zargin suruka a kan ɗan autan gida ba ya zuwa ko'ina. Wani lokacin har ta kan ce wa kanta ko baƙin ciki ne yake nuna mata abin da babu.

Ana gobe zaman kwamiti zazzaɓin ya ɗan sauka. Kwamanda ya buɗe baki a karon farko, muryar kamar ta tsoho.

"Umma, sun yaga min rigata."

"Zan ɗinka maka wata."

"Za su bar ni in koma makaranta?"

"Za ka koma," ta ce, ba don ta sani ba.

Ta tafi gida da niyyar yanka rigar a ranar, ko don hannunta ya sami abin yi. Ita ba ta auna yara da tef kowane lokaci. Tana da kwalaye da ta yanka daidai jikin riga, gaba daban, baya daban, hannu daban, tana ɗora su a kan yadi ta zaga da alli. Na Kwamanda nasa ne shi kaɗai, don ya fi sa'o'insa tsawo amma bai kai su faɗi ba. Suna rataye a ƙusa bayan keke. Ta sami na gaba, ta sami na hannu. Na baya babu.

Ta duba ƙarƙashin keke, ta zazzage buhun ƙyallaye. Sai ta tsaya cak.

Kaka ba ta yarda a ɓata mata simintin tsakar gida, ko ɗigo ɗaya ne sai an kwana ana jin faɗa. Shi ya sa duk abin da Auta zai fesa a gida, sai ya rarumi wani abu mai faɗi ya shimfiɗa. Ya taɓa lalata mata faranti, ya taɓa lalata murfin bokiti, har ta ce masa wata rana mutum zai shimfiɗa.

Ta fita bayan ɗakin girki, lungun da yake ajiye gwangwanayensa. An kwashe su tas, an share wurin har da yayyafa ruwa. Ta leƙa bayan duron ruwa. Can a matse tsakanin duro da bango ta hango gefen kwali. Mai sharar bai gan shi ba.

Ta zaro shi. Baƙin fenti ya yi masa feshi ko'ina, sai wuri biyu da suka rage fes, launin kwali: shatin bindiga a kwance, da wani shatin a gefensa, inda aka juya ta aka fesa ɗaya ɓarin. Aiki mai tsabta, babu ɗigo, babu zuba. A kusurwar sama kuwa ga zagaye biyu, ɗaya cikin ɗaya, da ɗigo a tsakiya.

Duk unguwar an san wannan alama. Auta ba ya fara fesa komai sai ya girgiza gwangwani ya gwada shi da zagaye biyu da ɗigo. Tana jikin bangon gareji ba adadi, tana bayan ƙofar gidan nan, tana kan tsohon farantinta.

"Matar Yaya."

Yana tsaye a bakin lungun. Idonsa a kan kwalin.

"Ba ni wannan, shara ce."

Ta mayar da shi bayanta. "Auta, me ɗana ya yi maka?"

"Wallahi ba da mugun nufi ba ne." Ya rage murya. "Hanyar gareji ba ta da kyau in magariba ta yi. Na ce in riƙa sa ta a ƙugu, ɓarayi su gani su bar ni. Shi ma murna ya yi, na ce masa na mayar masa da ita ta manya. Ranar na manta ta a ɗaki, na bugo wa Inna ta ba shi ya kawo min. A leda na ce! A leda na ce a saka! Shi ya fitar da ita yana wasa a hanya, laifina ne wannan?"

"Don ɓarayi."

"Don ɓarayi mana."

"Wayoyin da nake gani a ɗakinka in na shiga ɗauko kwanuka fa? Yau wannan, gobe waccan?"

"Na abokai ne. Gyara suke ba ni."

"Yaushe mai fenti ya zama mai gyaran waya?"

Ya matso, ya miƙa hannu. Sai ga Kaka ta fito tana dafa bango, Direba a bayanta. Kallo ɗaya tsohuwar ta yi wa kwalin ta zauna a kan turmin da ke wurin, ta fashe da kuka.

"'Yar nan, ki dube ni. Ni na haifi mijinki. Ban taɓa roƙonki komai ba. Jikana ne, ina sonsa, wa ya kai ni sonsa? Amma shi yaro ne, zai manta. Kafin ya yi gemu an manta. Wannan kuwa in ya shiga, gawata za ta fita daga gidan nan."

"Kaka, cewa za a yi ɗana ɗan fashi ne. Har ya mutu da sunan zai tafi."

"Suna ne kawai! Suna yana kashe mutum?"

"Kawo kwalin," in ji Direba.

"Kayan aikina ne."

"Maman Kwamanda, in kika fita da abin nan daga gidan nan, kar ki dawo."

Ta dube shi sosai, ta ga ba zai iya haɗa ido da ita ba. Ta cusa kwalin cikin mayafinta, ta rungume shi a ƙirji, ta bi ta tsakaninsu. Auta ya yi kamar zai tare ta, amma maƙwabta sun riga sun leƙo ta katanga saboda kukan Kaka, sai ya janye hannu yana sosa ƙeya.

A asibiti ta kwana, kwalin a ƙarƙashin tabarmarta.

Ɗakin da kwamiti ya zauna ƙarami ne, fanka ɗaya, dogon tebur, mutum uku a bayansa. Ta tsakiyar mace ce mai furfura da tabarau, ita ce shugaba. Bindigar tana kan tebur a cikin ledarta. Direba da Auta suna bencin baya, Sufeto a gefensu.

A karon farko Tela ta ga kofur ɗin. Ta zaci za ta ga ƙato mai jajayen idanu. Sai ta ga siririn saurayi da bai wuce sa'ar Auta ba, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ba da bayaninsa kamar wanda ya haddace: an sanar da su akwai mai ƙwace da baƙar bindiga, ya ga dogon mutum da baƙar bindiga, mutumin ya juyo ya nuna masa, ba shi da lokacin tunani.

Lauyansa ya miƙe ya ɗaga ledar. "Ranki ya daɗe, a duba. Wane ne a cikinmu zai tsaya tambayar wannan ko ta roba ce? Da jar hularta tana nan, da ba mu zo nan ba. Tambaya ɗaya ce: wa ya cire, wa ya shafa baƙi? Iyalin yaron sun shaida mana shi ne da kansa."

Shugaba ta dubi Tela. "Mahaifiya, haka ne?"

Tela ta ji idon mijinta a ƙeyarta. Ta zaro kwalin ta shimfiɗa a kan tebur.

"Ba haka ba ne, ranki ya daɗe. Ɗana yana da asma, warin fenti kayar da shi yake yi, asibitin da yake kwance sun sani. A kan wannan kwalin aka fesa ta. Ga shatinta. Wannan zagayen kuwa, a je garejin da ƙanin mijina yake aiki a duba bango. Shi ya fesa, shi ya yanke hular, shi ya sa aka aiki yaron ya kai masa. Ga shi can zaune."

Benci ya yi ƙara a baya. Wani ya ce, "Innalillahi." Shugaba ta ɗauki ledar da kanta ta ɗora a kan shatin. Ta zauna daram, kamar ƙafa a takalminta.

Lauya ya yi murmushi har da gyara kwat. "Mun gode wa baiwar Allah. Ko wa ya shafa, ta tabbatar mana bindigar baƙa ce lokacin da aka nuna wa jami'i. Ina ganin magana ta ƙare."

"Ban gama ba," in ji Tela.

Ta janye ledar gefe, ta ɗaga kwalin da hannu biyu, ta juya shi yadda kowa zai gani.

"Ni tela ce. Wannan ba shara ba ce, da shi nake yanka masa rigar makaranta. Bayan rigarsa ne. Nan wuya, nan kafaɗa, nan kafaɗa. A duba faɗinsa. Wannan shi ne bayan ɗan shekara goma sha takwas ɗin da aka faɗa a rediyo."

Kwalin ko faɗin ƙirjinta bai rufe ba.

Ta ɗora yatsa ƙasan kafaɗar hagu. "Nan harsashin ya shiga. Ni nake juya shi kullum ana wanke ciwon. Ƙirjinsa ko ƙwarzane babu. Bindigar baƙa ce, na yarda, kuma daga gidanmu baƙin ya fito, ban ɓoye ba. Amma a gaya min yadda mutum yake nuna bindiga da bayansa. Rigar tana hannun Sufeto, farar riga da bajen makaranta a aljihu. Ni na ɗinka ta. A kawo ta a ga inda ramin yake."

Shugaba ta cire tabarau ta dubi kofur. "Ka yi masa magana kafin ka harba?"

Ya buɗe baki, ya kalli Sufeto, ya kalli kwalin.

"Na ce ya tsaya," ya ce da ƙyar. "Sai ya... sai ya juya da gudu."

"Ya juya ya fuskance ka, ko ya juya ya gudu?"

Kofur ya sa fuska a tafin hannu. Lauya ya zauna a hankali.

Ba a yanke hukunci ranar ba. Shugaba ta ce a kawo rigar da bayanin likita, a karɓe bindigar kofur har sai an gama, a binciki ɗakin Auta, kuma a cire wa yaron ankwa kafin rana ta faɗi. A bakin ƙofa aka riƙe Auta, yana ta rantsuwa yana kiran yayansa. Direba ya wuce ta gabanta kamar bai taɓa ganinta ba.

Da ta biya gida ta tarar da kekenta a waje, a jingine da bango, da buhun ƙyallaye da akwatinta. Daga ciki ana jin Kaka tana kuka tana faɗa wa matan da suka taru cewa bare ta shigo ta rusa mata gida. Matan suna ta ba ta haƙuri. Babu wadda ta tambayi jikin yaron.

Haka abin yake a gidaje da yawa. In wuta ta tashi, ba a neman wanda ya kunna, sai a duba wanda ya fi kowa ƙanƙanta, wanda bakinsa bai kai a ji shi ba, a ce ya ɗauka, ai yaro ne, zai manta. Waɗanda suka ce suna sonsa su ne suka tsaya a kan gadonsa suna koya masa ƙaryar da za ta ɗaure shi, kuma suna kiran abin rufin asiri. Wanda ya harbe shi bai san shi ba. Su kuwa sun san shi tun ranar da aka haife shi.

Tela ta sami mai kura ya ɗora mata keken zuwa gidan yayarta, ita kuma ta wuce asibiti.

Kujerar bakin ƙofa babu kowa. An cire ankwar. Inda ta zauna a idon sawunsa ya bar shati, zagaye fari a kan baƙar fata. Ta zauna ta ɗora ƙafar a cinyarta tana murzawa a hankali.

"Umma," ya ce, "Kaka ta ce in ce ni ne."

"Na sani."

"In ban faɗa ba za ta yi fushi da ni?"

"Ba za ka faɗi komai ba. Na riga na faɗa."

Ya riƙa motsa ƙafar sama da ƙasa, yana sauraron ƙarar da ba ta zo ba.

"Rigar fa?"

"Sun riƙe kwalin bayan," ta ce. Ta zaro tef daga jakarta. "Bari Sista ta zo ta kama min kai. Sabon awo zan yi maka."